Hannun da Bai Manta Rabon Nama Ba

Littafin ba nawa ba ne. 'Yata ta fari ce ta zo da shi daga Inugu, inda take karatun aikin jinya, da za ta koma makaranta ta manta shi a kan firji. Ya yi sati biyu ina ɗora fulas a kansa. Da Turanci aka rubuta shi, kauri kamar bulo, a bangonsa an zana kan mutum an tsaga gida biyu. Ni kuwa 'yar mahauci ce kuma matar mahauci, tsagaggen kai ba baƙona ba ne. Wannan zanen ne ya sa wata rana na goge hannuna a zani na buɗe.

Karatuna a ajin ƙarshe na sakandare ya tsaya, to amma ban taɓa jin tsoron takarda ba. Bayan azahar, in an sauke tukunya aiki ya lafa, sai in zauna a bakin ƙofa in karanta shafi biyu ko uku, kalmar da ta gagare ni in nema a waya. Wata huɗu na yi a kansa.

Mai littafin masanin kimiyya ne, kuma tambaya ɗaya yake bi tun daga farko: in mutum ya ɗaga hannu ya mari wani, ko ya ɗaga ya fasa, me ya gudana a jikinsa kafin nan? Yana da surutu, ba zan ɓoye ba. Labarin beraye da birai ya yi yawa, kuma akwai barkwancin da na san barkwanci ne amma ban ga abin dariya ba. Sai dai in ya zo bayani, ya iya. Babin da ya fi zama mini shi ne na wani yanki na ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi. Ya ce aikinsa kamar birki ne: shi ke riƙe harshe, shi ke ce wa hannu dakata, ba naka ba ne, ko ba yanzu ba. Shi ne ƙarshen nuna a jikin matashi. Yunwa da rashin barci suna raunana shi. Kuma rauni ko ciwo na iya cinye shi shi kaɗai, mutum yana tafiya, yana lissafi, yana gane kowa, amma kunya ta fita daga gare shi. Abin da hannu ya daɗe yana yi kuwa, irin tuƙi ko saƙa, wannan a wani wuri dabam yake ajiye, can ciki, ciwon ba ya saurin kai masa.

Na karanta wannan babin sau biyu, na ninke kusurwar shafin. A lokacin ban gaya wa kowa dalili ba.

Dalilin shi ne Baba, mahaifin maigidana. Tun yana saurayi ya zo Fatakwal a bayan motar shanu, nan ya yi aure, nan ya haifi 'ya'yansa, nan ya binne matarsa. Gidanmu a Mile One yake, ɗakinsa ne na farko in ka shigo. Shekara ashirin da biyu ina surukarsa bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kiran sunana ba, uwar yara yake cewa. In zai shigo cikin gida sai ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya tsaya har in gyara mayafi. Gaisuwarsa kuwa sai ka gaji da amsawa: kwana, gajiya, ruwa, iyali, kasuwa, ya koma ya sake ɗaukowa daga farko.

Wajen wata biyar kafin ƙaramar Sallar waccan shekarar, ina tsaye a kicin sai ga shi a bayana babu sallama. Ya buɗe tukunya, ya sa hannu a miya mai zafi, ya ɗauki tsoka ya ci yana kallona, ya fita. Na tsaya riƙe da ludayi. Bayan nan kwalin sukari ya fara ƙarewa cikin kwana biyu, na tarar da shi yana tsotsar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. In maƙwabta sun gaishe shi sai ya ce "to" ya wuce. Amma salla ba ta wuce shi, karatunsa bai ɓata ba, ya san sunan kowane jika. Na ɓoye duk wannan. Ta ina suruka za ta fara ce wa mijinta ubanka yana buɗe mini tukunya? Sai na riƙa ware masa nama a kwano ina ajiyewa inda zai gani, ina addu'a.

Duk shekara a jajibirin ƙaramar Salla mutanen unguwarmu kan yi watanda: a haɗu a sayi sa, a yanka, a raba naman kashi-kashi, kowane gida kashi ɗaya. A tsakar gidanmu ake rabon, don Baba ne mai rabawa tun kafin a haife ni. Ba ya amfani da sikeli. Zai ɗaga tsoka, ya ɗan jinjina ta a tafin hannu, ya jefa ta inda ta dace. Kowane kashi sai ya sami tsokarsa da ƙashinsa, kitse, hanta, tumbi, huhu, ba wanda ya fi wani. A wasu unguwannin sai an jefa ƙuri'a kafin kowa ya ɗauka, don gudun ƙorafi. Mu ba ma yi. Hannun Baba ne, kowa ya ɗauki na gabansa.

Ranar watandar waccan shekarar an yi ruwa da asuba ya ɗauke. Aka goge baƙar tokar hayaƙin tace mai da ke sauko mana daga sama, aka shimfiɗa tamfol, aka kawo naman daga mayanka a keke biyu. Mu mata muna bakin famfo muna wankin hanji, muna hangen maza. Kashi ashirin da huɗu za a yi. A kan kujera kusa da Baba akwai Alhaji, amininsa, dillalin shanu da ke zaune a unguwar Borokiri. Mota ɗaya ta kawo su kudu. Duk watanda sai ya zo ya zauna nan, ba don yana aiki ba, don dai a yi hira.

An kai rabin rabo, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, sai Baba ya ajiye wuƙa ya miƙe ya nufi ƙofar gida. A bakin ƙofarmu akwai wata mata 'yar garin da ke sayar da bole, wato gasasshiyar agada, da kifi a kan garwashi, ta kai shekara goma a wurin. Baba ya ɗauki agada ɗaya daga kan waya, ya dangwala a man ja, ya dawo tsakiyar mutane yana ci. Ranar ƙarshe ta azumi, rana tsaka, bayan da bakinsa ya ce da mu ya ɗauki azumi da asuba. Matar ma ta leƙo tana tambaya da Turancin buroka ko yau mun sha ruwa da wuri ne.

Alhaji ne ya sunkuyo, a hankali, yadda ba kowa zai ji ba, ya ce, "Malam, azumi fa ake."

Baba ya kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi suna yara, sunan da ba wanda ya taɓa ji a garin nan. Ya ce, "Kai ne za ka koya mini azumi? Rufe mini bakin nan, yana wari kamar tumbin da ya kwana."

Alhaji ya dube shi, ya laluba takalmansa da ƙafa, ya sa, ya fita. Bai ɗauki kashinsa ba. Baba kuwa ya lashe yatsunsa, ya wanke hannu a buta, ya zauna ya ƙarasa rabon kamar ba abin da ya faru.

Abin da ya biyo baya shi ne ya yanke masa hukunci. Da farko wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce a nemi addu'a ko an yi masa wani abu. Sai wani mahauci abokin aikin maigidana ya aika aka ɗauko sikelinsa daga kasuwa, ya ce a gwada a gani ko tsohon ya rikice. Aka ɗora kashin nan ɗaya bayan ɗaya, na kafin bole da na bayan bole. Duk suka zo daidai. Nan take magana ta juya. Mahauta sun san abin da rabon kashi ashirin da huɗu yake buƙata, sun san mai lafiya ma sai ya yi gumi. Suka ce wanda hankalinsa ya taɓu ba zai yi wannan ba. Tunda hannu daidai yake, kai ma daidai yake, to da gangan ya ci, da gangan ya yi zagi. Har na ji wani yana cewa Allah ya sa mu gama da kyau, da irin muryar da ake faɗa a kan wanda ake ganin bai gama da kyau ba.

Maigidana ya ɗauki kashin Alhaji a okada har Borokiri. Da la'asar aka dawo da shi a ledarsa, ko kwancewa ba a yi ba.

Sallar nan ba mu ji daɗinta ba. Washegarin Idi maigidana ya gaya mini abin da shi da ƙannensa suka yanke: direban da ke kawo musu shanu zai koma arewa ranar Asabar, za a sa Baba a gidan gaba a kai shi ƙauyensu, wurin 'ya'yan ƙanin Baba. Ya ce iskar gida za ta gyara shi. Ni na san ba iska ake nema ba, so ake a ɗauke shi daga idon mutane. Ƙauyen nan Baba bai kwana a ciki ba tun rasuwar ƙanin nasa. Yaran ba su san shi ba sai a waya. Kabarin matarsa na nan, masallacinsa na nan, hanyar mayanka ko ido rufe zai bi ta.

Ba ni da al'adar jayayya da maigidana, kuma ban fara ranar ba. Na bari sai rana ta uku da hantsi, da ya zauna a tsakar gida yana fasa mini kan san da ya faɗo a rabonmu. Ya sara, ya buɗe, ya zaro ƙwaƙwalwar ya sa a kwano. Na tsuguna gefensa ina zuba masa ruwa, na ce ya tuna mini labarin ragon nan da ya taɓa saya a Anacha, mai zagaye.

Ya ce ai ba ɗaya ba ne, sun sha gani. Rago ne ƙosasshe, yana cin dusa, yana shan ruwa, ya san garkensa, amma sai ya yi ta juyawa gefe ɗaya kamar an ɗaure shi a turke. In an yanka an fasa kan, sai a tarar da wata 'yar jaka mai ruwa ta danne gefe guda na ƙwaƙwalwar, sauran kuwa lafiya lau. Na ce to in ya fara zagayen, dukansa ake ya daina? Ya ce wane irin duka, ai ba halinsa ba ne, abu ne a kansa.

Sai ya tsaya da wuƙar a hannu. Ya ce, "Ubana kike haɗawa da rago?"

Na ce, "Allah ya tsare ni, Malam. Ubana ne ni ma. Cewa nake gefe ɗaya na iya lalacewa sauran na aiki, kuma kai ka fi ni sani, da hannunka ka gani."

Na ɗauko littafin na buɗe inda na ninke, na riƙa karantawa ina mayar masa da Hausa yadda na iya. Ya ce Baturen da bai san alƙibla ba ba zai gaya masa halin ubansa ba. Na ce allurar da ake yi wa shanunsu ma ba liman ne ya haɗa ta ba, kuma ban ga sun ƙi ta ba. Ya kusa yin dariya, ya fasa. Ya koma kan maganar da ta tsaya wa kowa, ya ce to hannun fa, kashi ashirin da huɗu, an auna a gabansa. Na nuna masa inda aka ce aikin hannu a wani wurin yake kwana. Na ce sikelin nan hannun Baba ya auna, bai auna kunyarsa ba.

Daga nan na faɗi abin da na ɓoye: tukunya, sukari, shigowa babu sallama, wata biyar cur. Ya ce me ya hana ni faɗa. Na ce kunya. Na ce kuma kuskurena ne, da na faɗa da ba a kai ga bole ba. Abu ɗaya na roƙa: a bar motar Asabar ta tafi, a kai Baba asibiti, in likita ya ce lafiyarsa lau, mota ai ba ta ƙare ba.

Bai ce e ba. Amma da yamma na ji yana waya da 'yarmu yana ce mata ta taho.

Ta iso daga Inugu ranar Juma'a. Ita da kakanta wasa ne tsakaninsu tun tana rarrafe. Ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Angona, ko ka yi sabuwa ne da ba ka nemana?" Da can cewa zai yi ya sake ta tuni, miyarta ba gishiri, ita kuma ta ce wa zai kwashi tsoho mai haƙori huɗu. Ranar bai ko dubi fuskarta ba. Ya jawo jakarta ya zuge, ya ɗauke biskit ɗin da ke ciki. Ta fito ta same ni a kicin, ta ce, "Umma, wannan ba Baba ba ne yake yi." Na ce na sani.

Asabar motar ta tafi, buhun garin rogo ne a kujerar da aka tanadar wa Baba.

Asibiti ya ɗauke mu kusan wata guda, yau a ce a dawo, gobe a ce hoto. Likitan ya tambayi Baba ranar mako, ya faɗa. Ya ba shi lissafi, ya yi kafin 'yata ta gama nata. Ana cikin haka ya miƙa hannu ya buɗe aljihun teburin likitan yana neman abin zaƙi. Likitan bai ji haushi ba, rubutawa ya yi. Da hoton ya fito ya nuna wa maigidana gaban ƙwaƙwalwar, inda ta tsuke ta bar fili. Maigidana ya ce mini bai buƙaci dogon bayani ba, ya san yadda cikakkiya take. Aka ce babu maganin da zai mayar da abin da ya tafi, sai kulawa, kuma a bar shi inda ya saba da mutanen da ya saba, canjin wuri rikita shi zai ƙara yi.

Liman ya ce wanda ciwo ya taɓa masa hankali haka, azumi ya faɗi a kansa, kuma abin da ya fito daga bakinsa ba a rubuta masa. Shi ya raka maigidana Borokiri. Alhaji ya saurare su har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da kowa ke yi, ya ce to hannun fa. Maigidana bai ambaci littafi ba, labarin rago mai zagaye ya ɗauko. Ga dillalin da ya yi shekara hamsin yana duba dabba kafin ya saya, wannan ya isa. An ce ya juya fuskarsa bango, ya daɗe bai juyo ba.

Washegari da safe sai ga shi a ƙofarmu. Ya zauna gaban Baba ya ɗauko gaisuwa tun daga kwana har zuwa kasuwa. Baba ya ce, "Ka zo da sukari?" Alhaji ya ce bai zo da shi ba, amma gobe. Tun daga ranar dabino ba ya rabuwa da aljihunsa. In ya yi gaisuwar ba a amsa ba, sai ya amsa wa kansa, lafiya lau, Alhamdu lillahi, ya ci gaba. Wata rana Baba ya sake ce masa bakinsa na wari, Alhaji ya ce, "Shekara hamsin kana haƙuri da shi, Malam, ƙarasa."

In an tambaye ni ko a karanta littafin nan, zan ce a karanta, a yi haƙuri da berayen. Amma akwai inda muka rabu da mai shi. Wajen ƙarshe ya karkata ga cewa tunda komai daga jiki yake, kusan ba wanda ke da zaɓi a abin da yake yi. A gefen wannan shafin na rubuta da fensir cewa ban yarda ba. Wanda ya halicci birkin ya san wanda ya ba mai kyau, ya san wanda nasa ya lalace, kuma ba zai tambaye su tambaya ɗaya ba. Ni nawa na aiki, na ga tukunya a buɗe na zaɓi yin shiru wata biyar, wannan nawa ne, ba zan ɗora wa ƙwaƙwalwa ba. Alhaji ma zaɓa ya yi ya dawo. Abin da littafin ya koya mini shi ne in daina saurin yanke wa ya san abin da yake yi. Wannan kam addinina ya riga shi faɗa mini, shi dai ya nuna mini wurin a cikin kai.

Watandar da ta zagayo, na ciyar da Baba a ɗaki tun da safe har ya ƙoshi, na sa masa dabino a aljihu. Mai bole da kanta ta matsar da garwashinta zuwa kwana, ba wanda ya roƙe ta. Aka shimfiɗa tamfol, aka miƙa masa wuƙa, maigidana na dama da shi, Alhaji na hagu. Bai gaisa da kowa ba. Ya ɗaga tsokar farko, ya jinjina ta a tafin hannu, ya jefa. Mai sikelin nan yana cikin mutane, hannunsa a aljihu. Da aka gama kowa ya ɗauki na gabansa, Alhaji ne ya fara ɗauka.